Wa ya ji zafin faɗuwar Golden Stars a Haɗeja?

A farkon watan Agustan 2021 aka rufe kakar babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Najeriya. Akwa United ta Uyo ta ɗaga kofin a karo na farko a tarihinta, ƙungiyoyi huɗu kuma suka gangara rukunin 'yan dagaji: Adamawa United da FC Ifeanyi Ubah da Warri Wolves da Jigawa Golden Stars. Ta ƙarshen nan ita ce tamu, ita kaɗai ke ɗauke da sunan jiharmu a gasar. Abin da ya fi tsaya mini a rai game da waccan kaka, har yau, shi ne yadda labarin faɗuwar ya shigo Haɗeja ya wuce ba tare da ya tayar da ƙura ba. A garin nan saurayi kan ƙaurace wa tuwon dare don an ci Arsenal, a kwana uku ana musu a majalisa kan bugun fanaretin da aka hana Barcelona. Amma ƙungiyar jiha ta faɗi, masu zancen a teburin mai shayi ba su cika hannu ba, wasu ma sai bayan makonni suka ji.

Wasu za su ce laifin matasanmu ne, Turai ta ɗauke musu hankali. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ban yarda nan gizo ke saƙar ba. Ra'ayina shi ne an raba ƙungiyar da idon mutanenta tun kafin ta faɗi, kuma wannan rabuwar ta fi faɗuwar kanta illa.

Ai ba wannan ne karo na farko da Golden Stars ta hau ta sauko ba. Ta samu gurbi a babbar gasa a 2011, ta buga kakar da Kano Pillars ta lashe a 2012, ta koma ƙasa a ƙarshen kakar tare da Niger Tornadoes da Rising Stars da Ocean Boys. Waccan ma kaka ce mai ɗaci. Sai dai a lokacin filin wasa na Haɗeja ne gidan ƙungiyar, nan take karɓar baƙinta. Duk wanda ya san garin a ranar wasa zai tuna yadda hanyar filin ke cika tun bayan azahar: masu rake da masu gurasa da masu ruwan leda sun jeru, 'yan acaba suna ta sauke mutane, ga motocin da suka kwaso samari daga Malam Madori da Kafin Hausa da Auyo, yaran da ba su da kuɗin ƙofa suna neman babban da zai riƙe musu hannu su shige. In an tashi canjaras a gida, za ka ji ana ta ƙorafi a hanya har ƙofar masallaci, wani ya ce koci ne bai iya canji ba, wani ya ce 'yan baya ne suka yi barci, wani ya ɗora wa alƙalin wasa. Wannan ƙorafin shi ne alamar ƙungiya tana da masu ita. Mutum ba ya ɓata bakinsa a kan abin da bai dame shi ba.

Shekara bakwai ƙungiyar ta yi a rukuni na biyu kafin ta sake haurowa a 2019. Da ta hauro, sai ya zamana babu wani fili a Jigawa da hukumar gasar ta amince a buga babban wasa a cikinsa. Kakar 2019 zuwa 2020 a filin Sani Abacha na Kano ta riƙa karɓar baƙi, a gidan Pillars ke nan. Annobar korona ta dakatar da waccan kaka a watan Maris na 2020, aka soke faɗuwa gaba ɗaya, Golden Stars da ke can ƙasan teburi ta samu sa'ida. Da aka dawo a ƙarshen Disambar 2020, gidan ya ƙara nisa, ya koma filin Ahmadu Bello na Kaduna. Daga Haɗeja zuwa Kaduna tafiya ce ta wajen kilomita 400, sai ka bi ta Kano da Zariya, a shekarar da kowa ya san halin da hanyoyin Kaduna ke ciki na masu garkuwa da mutane. Wane manomi ko tela ko ɗalibi ne zai bar sana'arsa ya yi wannan tafiyar don minti 90?

Su 'yan ƙalilan da suka nace wa bin ƙungiyar a waccan kaka, ga yadda suka bi ta. Ƙarfe huɗu na yammacin Lahadi ko Laraba mutum zai zauna da waya a hannu, ya buɗe Facebook ko wani zauren WhatsApp na masu son gasar gida, yana jiran wani da ke filin ya rubuto layi ɗaya. Minti ashirin shiru. Sai ka ga an rubuto an ci mu ɗaya, babu sunan wanda ya ci, babu yadda aka yi. Ka yi ta jan fuskar waya da yatsa har la'asar ta yi sakaliya, a ƙarshe hoton allon sakamako ya fito, ka duba teburi ka ga an sake zamewa mataki ɗaya. Ba ka ga gudun ɗan wasa ba, ba ka ga gumin mai tsaron raga ba, ba ka san ko sun yi ƙoƙari ƙwallo ce ta ƙi su ko kuwa sun saki jiki ne. A daidai wannan lokacin, a gidan kallon da ke bayan layi, janareto na ruri, talabijin uku na nuna wasan Ingila da na Sifaniya da kyamara ta kowace kusurwa, ana maimaita kowace ƙwallo sau biyar. Yaron unguwar Matsaro ko Yankoli da ya san sunan kowane ɗan benci na Chelsea bai taɓa ganin fuskar kyaftin ɗin ƙungiyar jiharsa ba. Ban ga ta inda za a zarge shi ba.

Akwai kuma lissafin maki, wanda duk mai bin gasar Najeriya ya san shi. Ƙungiyoyi 20 ne, wasa 38, rabi a gida rabi a waje. A wannan gasa cin wasa a waje abu ne mai wuyar gaske, har manyan ƙungiyoyi kan ƙare kaka da nasarar waje da ba ta wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Dalilan suna da yawa: doguwar tafiya a mota, filin da baƙo bai saba da shi ba, zafin rana, ihun 'yan kallo, da matsin da ke sauka a kan alƙalan wasa, wanda ba abin alfahari ba ne amma yana nan. Kano Pillars ta yi shekara 12, daga 2003 zuwa 2015, wasa sama da 200, ba a doke ta a gida a gasar ba, sai da Nasarawa United ta zo ta karya tarihin. Saboda haka ƙaramar ƙungiya da ke son tsira ta san inda abincinta yake. Wasan gida 19 na ɗauke da maki 57, kuma maki arba'in da 'yan kai kan isa a tsallake. In ka riƙe gidanka, ko da ka sha kashi a yawancin tafiye-tafiyenka, za ka kwana a gasar. Ƙungiyar da gidanta aro ne ta shiga kaka da rabin makaminta a hannun wasu. Baƙon da zai je Kaduna daga Jos ko Lafiya ko Bauci bai fi mai masaukin nasa wahalar hanya ba. Zafin Haɗeja na watan Afrilu, wanda ɗan Fatakwal ko Uyo zai ji a jikinsa tun kafin a tafi hutun rabin lokaci, bai yi wa Golden Stars aikin komai ba a waccan kaka.

Na san abin da mai lura zai ce: ai a farkon kakar an hana 'yan kallo shiga filaye saboda korona, ko a Haɗeja aka buga, kujeru ne za su kalla. Haka ne, kuma Pillars ma a Kaduna ta buga wasanninta na gida a kakar, ba ta faɗi ba. To amma Pillars tana da abin da ta tara na shekaru: kofuna huɗu na 2008 da 2012 da 2013 da 2014, 'yan wasa irin su Rabi'u Ali da duk yaron Kano ya san su, har Ahmed Musa ya dawo ya saka rigarta a 2021. Mai irin wannan jari zai iya yin shekara a waje ba a manta da shi ba. Golden Stars kuwa lokacin da ya kamata ta fara tara nata ke nan. Kuma zaman ƙungiya a gari ya wuce ranar wasa. Yara na zuwa kallon atisaye da safe, ana haɗuwa da 'yan wasa a masallacin Juma'a da wurin mai aski, kocin unguwa na iya kai yaronsa a gwada shi. Dokar korona ba ta hana ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, nisa ne ya hana.

Hanya ma ta ci rabonta a waccan kaka. A watan Fabrairun 2021 motar Wikki Tourists ta Bauci ta kama da wuta a Hawan Kibo, 'yan wasa suka tsira da rayukansu, kayansu suka ƙone. A watan dai 'yan bindiga suka tare motar Adamawa United a hanyar Benin zuwa Ore suka tafi da direba. A irin wannan gasa kowace tafiya da aka rage wa ɗan wasa rahama ce.

Wani abu da ya kamata a tsaya a kansa: cikin ƙungiyoyi huɗu da suka hauro a 2019, wato Golden Stars da Adamawa United da Warri Wolves da Akwa Starlets wadda ta koma Dakkada, uku sun koma tare a kakar farko da aka kammala da su. Wannan ya nuna tazarar da ke tsakanin haurowa da zama. Haurowa aikin 'yan watanni ne: a saki kuɗi, a ɗebo gogaggun 'yan wasa daga ko'ina, a yi alkawarin tukuici, a ci wasannin share fage. Zama kuwa yana son fili da albashi a kan kari da 'yan wasan da za su yi shekara uku tare da shugabancin da ba ya canzawa da canjin kwamishina. Yawancin ƙungiyoyin gasar nan na gwamnatocin jihohi ne, kuma gwamnati ta fi son abin da za a ɗauki hotonsa. Ranar haurowa akwai hoto da liyafa a gidan gwamnati. Shimfiɗa ciyawa da haƙa rijiyar ban-ruwanta da gyara ɗakin canza kaya da biyan mai kula da fili duk wata, babu mai ɗaukar hotonsu. Jaridu ma a lokacin da sunan gwamna suke yi wa ƙungiyar laƙabi, suna ce mata yaran Badaru. Ba na ganin laifin Muhammad Badaru Abubakar a wannan, haka al'adar gasar take a jihohi da dama, amma ƙungiyar da aka jingina ta da mai mulki tana shiga rububi duk bayan zaɓe, kuma ɗan adawa na iya ganin faɗuwarta bai shafe shi ba.

A kakar da Golden Stars ta sauka, cikin waɗanda suka hau akwai Remo Stars ta Ikenne a jihar Ogun. Ikenne ƙaramin gari ne, bai kai Haɗeja ba. Ƙungiyar ta ɗan kasuwa ce, Kunle Soname, kuma ita ma ta san ɗacin faɗuwa, don ta sauka a 2017 ta sake sauka a 2019. Abin da mai ita ya yi shi ne ya gina fili nasa a garin, da makarantar horar da yara a gefensa. A 2025 Remo Stars ta lashe gasar Najeriya. Ba ina cewa duk wanda ya gina fili zai ɗauki kofi ba ne, kuma kuɗin Soname ba kowa ke da irinsa ba. Abin lura shi ne da me aka fara. Su sun fara da wurin zama, mu mun fara da neman gurbi, muka same shi, muka rasa inda za mu ajiye shi. Daga 2021 zuwa 2025 Gombe United da El-Kanemi da Doma United da Pillars da Katsina United da Wikki da Barau FC duk sun hau babbar gasa daga Arewa, Golden Stars ba ta cikinsu.

Ko a ƙasashen da wasa ya zama babbar sana'a, mummunar kaka ba ta kashe ƙungiyar da ke zaune cikin mutanenta. A Amurka akwai wasan besbol, wanda ake dukan ƙaramar ƙwallo da sanda, kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka, 81 a gida. Chicago Cubs ta yi daga 1908 har 2016 ba ta ɗauki babban kofin ba, shekara 108, kakanni suka mutu suna jira jikoki suka gada, amma filinta na Wrigley yana nan a tsakiyar unguwa, mutane suna zuwa. Ko a shekarar da ta yi nasarar an doke ta sau 58, don haka mai bin irin wannan wasa ya saba da komawa gida da rashin nasara ya kuma dawo gobe. A ɗaya gefen ga Athletics ta Oakland, wadda masu ita suka sanar za su kwashe ta zuwa Las Vegas: a 2023 ta sha kashi sau 112, wasanninta na gida kuma ta buga su a gaban kujerun da yawancinsu babu kowa, saboda mutanen garin sun riga sun san ba tasu ba ce kuma. Masu kallon ƙwallon Ingila a nan za su fi tuna Sunderland, wadda ta faɗi sau biyu a jere a 2017 da 2018, amma a ranar 26 ga Disambar 2018 mutum sama da 46,000 suka shiga filinta kallon wasan rukuni na uku da Bradford City.

Mu a fadamar Haɗeja ba ma buƙatar a koya mana haƙuri da mummunar shekara. A 2020, watanni kaɗan kafin a fara kakar da Golden Stars ta faɗi, kogi ya cika ya shanye gonakin shinkafa daga Auyo har Kiri Kasamma da Guri, mutanen gari suka kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga. A 2022 ya dawo da wanda ya fi shi. Manomin da ruwa ya cinye masa shinkafar damina, da ruwan ya janye za ka gan shi a gonar yana shirin alkama ko shinkafar rani, ga kacalla ta toshe magudana, ga jan-baki na jiran tsaba ta nuna. Yana komawa ne saboda gonar tasa ce, yana taka ta da ƙafarsa, ya san inda ta yi masa daidai da inda ta cuce shi. Mai goyon bayan ƙungiya ma haka yake jure asara, in abin yana gabansa kuma yana jin nasa ne.

Ambaliyar nan kuma ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu cewa a bar zancen ƙwallo. Jihar da ke fama da jinga da yashe kogi da azuzuwa da asibitoci, ina ta ga kuɗin ciyawar fili? Ina girmama wannan magana, kuma da za a ce in zaɓa tsakanin jingar Haɗeja da filin wasa, ba zan yi dogon tunani ba. Sai dai kuɗin ƙwallon ai ana kashe shi. An biya albashi da otal da mai da rajista a kakar 2020 zuwa 2021, kuma duk abin da aka kashe a ranar wasa a Kaduna ya zauna: mai otal na can, mai abinci na can, mai hayar fili na can. Mai rake na Haɗeja bai ga sisi ba, yaron Birniwa ko Kaugama da ke buga ƙwallo ba takalmi a filin makaranta bai ga abin koyi ba. In gwamnati ta ga ba za ta iya riƙe ƙungiya a cikin jiha ba, ya fi mutunci ta faɗa, ta mai da kuɗin ga gasar makarantu da ta ƙananan hukumomi 27. In kuma za ta riƙe, to a fara da inda za a buga.

Mu 'yan kallo ma akwai namu. Gida yana da daraja ne in an kiyaye shi. A watan Afrilun 2022, Pillars ta dawo Kano bayan dogon zama a Kaduna, wasu magoya bayanta suka farfasa motar Katsina United, hukuma ta ƙwace mata maki uku ta kuma kore ta zuwa Abuja. A ƙarshen kakar Pillars da Katsina United duka suka faɗi. Duk mai kiran a dawo da wasa Haɗeja, kamar yadda nake yi, dole ya haɗa da kiran a bar alƙalin wasa ya fita lafiya ko da ya busa abin da ba mu so, a bar baƙo ya ci mu in ya fi mu. Filin da ake jifa a cikinsa rufe shi za a yi, a sake komawa gidan aro.

Abin da nake ganin ya dace ba mai yawa ba ne. Tun ƙungiyar tana rukuni na biyu a je a karɓo sharuɗɗan da hukumar babbar gasa ke bi kafin ta amince da fili, a cika su ɗaya bayan ɗaya, a Dutse ko a Haɗeja. Ni Haɗeja zan zaɓa, kuma ba don son gida kaɗai ba: masarautar tana da ƙananan hukumomi takwas, ga Gumel kusa, ga Nguru da Gashuwa a Yobe waɗanda hanyarsu ta Kano ta nan take bi, kuma garin ya riga ya nuna zai cika fili. A sa gidan rediyon jiha ya riƙa kawo kowane wasa kai tsaye da Hausa, na gida da na waje, don mai gadin gona a Baturiya ya ji sunan wanda ya ci da wanda ya ɓarar. A buɗe rajistar magoya baya da ɗan kuɗin shekara wanda ɗan acaba zai iya biya, a ba wakilansu kujera a hukumar ƙungiyar, a riƙa karanta musu abin da ya shigo da abin da ya fita a ƙarshen kaka. A ware gurabe a tawagar ga yaran da aka zaƙulo daga gasar masarautu biyar na jihar, a ba su kwantiragin shekara uku maimakon a sallami kowa duk ƙarshen kaka. Gwamna Umar Namadi ɗan Kafin Hausa ne, daga garinsu zuwa filin Haɗeja ba wata tafiya ba ce, zai iya zuwa da kansa ya ga abin da filin ke buƙata kafin a rubuta kasafin wasanni na gaba.